Tantabara Mai Jini a Ƙirji

Mutane suna yawan tambayata yadda aka yi na je Landan tun lokacin da zuwa Landan yake abin faɗa, amma ga ni yau a rumfa ina auna wa mata dusar kaji da mudu. Wasu don su sani suke tambaya, yawanci kuwa don su ji daɗi. Na gaji da amsawa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in yi cinikina. Tantabara ce ta koro ni. 'Yar ƙarama, ba ta kai ta gida girma ba, daga wasu tsibirai da ko sunansu ban taɓa ji ba kafin nan.

Lokacin kuɗin mai ne. Wanda bai ga shekarun nan da idonsa ba, ko an gaya masa ba zai yarda ba. Mutumin da bara yake aron keke, bana sai ka gan shi da mota biyu da ciwon suga. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda abin ya faɗo wa a ka. Siminti yake shigowa da shi, ko in ce takardar siminti, don ni dai ban taɓa ganinsa kusa da buhu ba. Ya sayi gida a Barking, wata unguwa a Landan, irin gidajen nan da aka jera manne da juna kamar haƙora, kowanne da ɗan fili a baya wanda akuya ɗaya ma za ta raina. Ni kuwa na bar sakandare a aji biyu, ba da son raina ba, ina zaune a Kano ina cin tuwon da ake yi mini gori a kansa.

Sai ciwon yanar ido ya rufe wa kakana ido biyu, wato mahaifin Kawu da mahaifiyata. Kawu ya ce Landan za a kai shi a kankare. Ana neman mai riƙe masa sanda, mai kai shi bayi, mai ɗan jin Turanci. Aka duba dangi kaf aka ga ni kaɗai ne ba ni da abin yi. Kawu ya kira ni ya ce idan na kula da tsohon har aka gama masa idon biyu, zai sa ni a wata kwaleji a Woolwich in koyi aikin lantarki. Likita ya ce ido ɗaya za a fara yi, a bar shi ya warke wata da watanni, sannan a taɓa ɗayan, kafin a gama kuwa lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zo. Muna sauka Kawu ya kai ni na ga kwalejin. Na tsaya a taga ina kallon samari, Turawa da Indiyawa, suna murɗa waya a jikin allo, ƙwan fitila yana kamawa. Tun daga ranar ban ƙara son wani abu a duniya kamar wannan ba. A gida ana ta gini ko'ina, kowane gini yana son wuta. Ina komawa da takarda, shi ke nan, na wuce gori.

Ba mu daɗe a Barking ba tsoho ya fara rigima. Kaka mutumin tantabara ne. A gidansa na cikin birni tukwane ne jere a saman katanga, da asuba ba ka jin kiran salla sosai saboda gurnaninsu. Kuma ba don nama yake kiwonsu ba. A wajensa, kamar tsofaffinmu da yawa, tantabara garkuwar maigida ce. Idan wani ya aiko maka da mugun abu, a kanta yake sauka. Ka wayi gari ka ga ɗaya ta faɗo ta mutu, ba ciwo ba komai, ka ce alhamdu lillahi ka binne ta. Malamai suna cewa camfi ne. Ni ban shiga wannan gardamar ba, ni dai na san abin da ya jawo mini.

"Kai ɓarawon matata," ya ce mini wata safiya. Haka yake kirana, saboda kakata tana ce mini maigidanta. "Garin nan ba su da tantabara ne?"

"Suna da su, tsoho. Sun fi mutanen yawa."

"To me ya sa ban ji kukansu a gidan nan ba? Ɗana ya kwantar da ni a fili, za a sa mini wuƙa a ido, ba abin da zai tare mini komai. Ko kai za ka tare?"

"Ni lantarki na zo koya."

"To je ka gaya wa ubangidanka, ba tantabara, ba wuƙa. A mayar da ni gida da makantata, mun saba da juna."

Ya ƙi cin abinci ranar, ya sa na ɗaure masa kayansa a zani, ya zauna a kansu a bakin ƙofa. Idan kuwa ya tafi, ni ma na tafi. Da Kawu ya dawo na ce masa abin mai sauƙi ne. Akwai wani dandali a tsakiyar gari inda tantabaru suke hawa kan mutane, a ba ni buhu da ɗan gero, kafin la'asar na kawo goma.

Kawu ya dube ni kamar na zagi uwarsa, wadda take kakata. "Mahaifina? Da tantabarar titi, mai cin aman 'yan giya? Kai dai talauci ya shige maka jini. Gobe za mu je inda ake sayar da na gaske."

Inda ake sayar da na gasken wani shago ne can wajen tashar jiragen ruwa, na wata tsohuwar Baturiya siririya mai sigari a gefen baki. Mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, shi ya fara kawo tsuntsayen daga tafiye-tafiyensa, da ya mutu ta ci gaba da abokansa. Muna buɗe ƙofa zafi ya buge mu kamar Kano a bazara, ga wari, ga ihu. Ni da nake ganin na san tsuntsu, daga kanari sai aku sai shaho, na tsaya baki buɗe.

Ta jera su dangi-dangi, kowane dangi da ɓangarensa. A dama dangin aku ne, amma ba irin tokan nan namu mai jan wutsiya ba. Akwai wasu ƙanana ja jawur kamar an tsoma su a manja, harshensu da gashi-gashi a baki kamar buroshi, ba sa cin hatsi, ruwan fure suke lasa, ita kuma tana dama musu zuma da madara. Akwai wani babba fari sol, idan ya fusata sai ya miƙar da tukku ruwan goro ya ƙwala ihun da ya sa Kawu ya ja da baya ya taka mini ƙafa. A gaba akwai wani fari mai shuɗi kewaye da ido kamar ya sha kwalli, ta ce a tsibiri ɗaya tak ake samunsa a duk duniya, a kusurwa ɗaya ma ta tsibirin. Akwai ɗan'uwan cilakowa da ya kusa kai burtu girma, da baki kamar an ɗora masa ayaba. Ta nuna mini taswira a bango, teku shuɗi da ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda, ta ce kowane ɗigo da nasa tsuntsun, wani ka tsallaka ruwan da ba shi da faɗi ka tarar da ɗan'uwansa ya canja riga.

Kawu ba taswira ta kawo shi ba. Ya ce in gaya mata tantabara muke so, wadda ta fi kowacce. Ta kai mu can ƙarshen shagon.

Ashe dangin tantabara da kurciya ba su da iyaka. Akwai koriya mai jar hula, kamar kurciyar gamji amma ta fi ta ado, ta ce wannan 'ya'yan itace kawai take ci, ba za mu iya da ita ba. Akwai wata mai dogayen gashin wuya suna zubowa kafaɗa, kore da ruwan tagulla suna walƙiya kamar sabon kwano, wutsiya fara fat. Sai kuma wata a ƙasa tana taku a hankali kamar hakimi, shuɗiya, ta kai talo-talo, ido ja, a kanta tukku kamar na gauraka amma an yi masa saƙar leshi. Daga tsibirin Nugini aka kawo ta. Kawu yana ganinta ya ce, "Wannan! Wannan ce tantabarar mahaifina." Ya nuna mai gashin wuyan ma, ya ce ita ma mace da namiji.

Muna shirin fita na hangi wasu ƙanana biyu a lungun keji, toka-toka, ƙirji fari. Na ce, "Madam, waɗannan sun ji ciwo." A tsakiyar ƙirjin kowacce akwai jan tabo, tsakiyarsa ya fi duhu har da ɗan rami, ja yana tsiyaya ƙasa yana dusashewa, daidai yadda jini yake yi a farar riga. Ta yi dariya har da tari, ta ce kowa haka yake cewa. Halittarsu ce, daga tsibiran Filifin suke, duk irinsu haka suke. Kawu ya ce a haɗa da su, baƙi za su yi mamaki. Haka na ɗauko su da hannuna na sa a mota, ina murna.

Baturiyar ba ta sake mu ba sai da ta kafa sharaɗi. Da Kawu ya ce akwai ɗakin katako a bayan gida, ta ce a toshe shi, a sa hitar kananzir, a zuba ganye da ƙasa a daɓe. Ta dubi Kawu da babbar rigarsa, ta dube ni, ta gane wanda zai kwashe kashi, sai ta juyo gare ni da bayanin abinci: hatsi kala-kala, yankakken tuffa, dafaffen ƙwai, da wata tsutsa da take sayarwa a gwangwani, musamman don ƙananan nan.

Tsoho ya sauka daga kan kayansa. Na riƙe masa sanda har ɗakin, ya ce a miƙo masa su ɗaya-ɗaya, shi da hannu yake gani. Na rungumo babbar da kyar na ɗora masa a cinya. Ya shafa bayanta, ya auna ƙirjinta, ya taɓa tukkun.

"Kai ja'iri, ni za ka yi wa wayo don ba na gani? Talo-talo ce wannan aka sa wa hula."

"Tantabara ce, tsoho."

"To ta yi magana in ji."

Kamar ta ji shi. Namijin da ke ƙasa ya sunkuyar da kai ya saki wani gurnani mai zurfi, kamar ana hura bakin tulu. Tsoho ya karkata kunne, sannan ya ce, "Tantabara ce. Amma ta ci abinci." Mai gashin wuya ya ce wannan ta sa rawani ne bai naɗu ba. Ƙananan kuwa suka ƙi kamuwa, suka shige ƙarƙashin benci, don su a ƙasa suke yawo kamar fakara, ga tsoro. Ya ce a bar su, 'yan kulle ne, ba a tilasta musu gaisuwa. Launi kuwa bai tambaya ba, ya ce makaho ina ruwansa da launi.

Daga nan muka shiga fama. Ya ce a fige musu fiffike kamar yadda ake yi wa baƙuwar tantabara don ta saba da gida. Na ce Baturiya ta ce sanyi zai kashe su. Ya ce Baturiya ta taɓa kiwon tantabara a Kano? Na ce su ma ba su taɓa zuwa Kano ba. Da kyar ya haƙura da figa, amma ruwan kanwa ba fashi, don tantabarar da ta sha kanwar gida ba ta guduwa. Yana da kanwarsa a aljihu wadda ya zo da ita saboda ciki. Kullum da safe zai jiƙa ya ba ni, ni kuma in karɓa da ladabi, in zubar da rabi in cika da ruwan famfo. Da ya ji ina ba su tsutsa ya ce, "Ɗana ya yi kuɗi har tsutsa yake saya. Allah ya kyauta."

Amma ya fara ci, ya fara barci, ya yarda aka sa ranar aiki. Ni abin da ya dame ni ke nan. Na kula da tsuntsayen nan kamar 'ya'yana, don na san idan suka mutu gaba ɗaya tsoho zai ce garin ya fi ƙarfinsa. Duk sati ina hawa tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, in je sayen tsutsa, Baturiyar ta dafa mini shayi marar daɗi ta yi ta surutu. Ita ta gaya mini tsuntsun tsibiri yakan lalace da jin daɗi. Ba kyanwa, ba muzuru, ba dila, abinci a ƙasa, sai ya yi ƙiba, wani har ya manta da tashi. Ta ce akwai wani babban ɗan'uwan tantabara a wani tsibiri da ya kai haka, ranar da jiragen ruwa suka iso da mutane da aladu da ɓeraye, tsayawa ya yi yana kallonsu har aka gama da irinsa kakaf. Na tuna da abokan Kawu da suke cika falo ran Lahadi suna gardamar wace mota ta fi, na yi dariya ni kaɗai. Ta ce mene ne, na ce ba komai, shayin ne.

Aka yi aikin idon dama. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti a kwance ba motsi, yana zagin abincinsu, yana ce wa ma'aikaciyar jinya zai aure ta idan ya ga fuskarta ta yi masa. Aka cire bandeji, aka ba shi wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Abin da ya fara gani ni ne. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe haka ka yi muni? A mayar mini da yanata."

Muna isa gida ko zama bai yi ba, ya ce a kai shi wajen tantabarunsa. Da hantsi ne, rana ta shigo ta tagar ɗakin. Ya ga babbar ya yi salati. Ya ga mai gashin wuya ya ce wannan ko amarya albarka. Na watsa tsutsa a ƙasa don 'yan kullen su fito ya gan su. Suka fito a hankali, suka tsaya a cikin hasken, ƙirji a gaba.

Sanda ta faɗi daga hannun tsoho.

"Inna lillahi," ya ce. "Sun karɓa."

"Sun karɓi me?"

"Kai makaho ne? Ni aka yi wa aiki ko kai? Dubi ƙirjinsu! Abin da aka aiko mini ke nan. A zuciya aka nufa, ka ga wurin. Su biyu suka raba shi, shi ya sa bai kashe su ba."

Na yi dariya. Na ce haka suke tun a shago, haka Allah ya halicce su, duk danginsu haka suke. Ya ce ni ma haka Allah ya halicce ni da bakin musu. Ya durƙusa a cikin kashin tsuntsu da sabuwar rigarsa yana sa musu albarka, hawaye yana bin ƙasan tabarau. Da ya tashi ya faɗi magana biyu. Ta farko, ba za a taɓa idon hagu ba, tunda abin da ake jira ya riga ya sauka, ba ya sake kwanciya ƙarƙashin wuƙa ya ɗora wa bayin Allah nan wani nauyin, ido ɗaya ya ishe shi ganin abin da ya rage a duniya. Ta biyu, gida zai tafi, kuma wanda ya tare maka mutuwa ba ka barinsa a ƙasar sanyi, da su za a tafi, da mai ba su abinci.

Mai ba su abinci ni ne.

Na sami Kawu a falo na ce ya yi wa mahaifinsa bayani, ai yana wurin aka saye su, ya ga tabon da idonsa. Ya sosa gemu ya ce, "To, na gani. Amma ka tabbata ya kai haka ja a lokacin?"

"Kawu!"

"Ni fa ban duba sosai ba. Kuma Baba ya warke, yana murna. Kai kake so ka ɓata?"

Na ga nan ba wurin kuka ba ne. Dabara ɗaya ta rage mini. Baturiyar ta sami wasu irinsu sababbi, na gan su a keji satin da ya wuce. Na ce wa tsoho ya zo mu je ya gode wa matar da ta sayar mana da su. Wannan ya shige shi, ya sa rawani, muka hau tube, yana ta kallon mutane da idonsa ɗaya yana ba ni labarin munin kowa da ƙarfi, don ya san ba sa ji.

A shagon na kai shi kai tsaye gaban kejin. Guda huɗu ne a ciki, kowacce da jan tabonta. Na ce, "To, tsoho, ga su nan. Ba su san ka ba, ba su sha kanwarka ba."

Ya kafa tabarau ya duba, ya girgiza kai. "Allah sarki. Su kuma na wa suka karɓa?" Ya juya ga Baturiyar. "Tambaye ta, tana da maƙiya ne?"

Na tambaya don dole. Ta ce ban da mai gidan haya da 'yan council masu karɓar haraji, ba ta san kowa ba. Na fassara. Ya ce, "Ka ji. Har ƙungiya ce." Ya tambayi maigidanta, na ce ya rasu. Ya ce, "Kafin a kawo waɗannan ko bayan?" Ta ce da daɗewa kafin. Ya ce, "Da an kawo su da wuri."

Na roƙe ta da ɗan Turancina, na ce ta gaya masa gaskiya, karatuna ne a kai. Ta tausaya mini, ta ajiye sigari, ta yi bayani dalla-dalla: ado ne, gashi ne kawai ja, namiji yana bunƙaro shi idan yana neman mace, a dajin tsibirinsu dubbai suna nan haka. Har ta kamo ɗaya ta buɗa gashin da yatsa ya ga fata lafiya lau. Na fassara har da ƙari. Tsoho ya saurara, ya gyaɗa kai, na fara jin sanyi a raina. Sai ya ɗaga yatsa.

"Tambaya ɗaya. Daga ƙwai suke fitowa da shi?"

Na juya mata tambayar ina murmushi, don na ɗauka an gama. Ban rufe baki ba ta girgiza kai. Ta ce a'a, 'ya'yan ruwan ƙasa ne gaba ɗaya, ba tabo ko kaɗan, sai sun tasa yake fitowa.

Da baki kawai ta faɗa, wallahi da na san abin da zan fassara. Amma kai ta girgiza, kuma Kawu ya kashe abin da ya kashe don idon nan ya ga irin wannan.

"Ka ji ko?" tsoho ya ce. "Daga baya yake zuwa. Ni ma abin da na ce ke nan." Ya ciro goro ya ba ta, ya ce mace ce mai gaskiya, da ba don sigari ba da ya yi magana.

A hanyar komawa na ɗaure fuska. Shi kuwa sai tsokana. "Ɓarawon matata ya yi fushi. Kar ka damu, kakarka tana can tana jiranka, ta fi wayar lantarki laushi."

Kawu ya yi mana booking ɗin jirgi, aka yi wa tsuntsaye takardun likitan dabbobi da akwatuna masu raga. Ya dafa kafaɗata a filin jirgi ya ce, "Sati biyu kawai. Ka zaunar da su, ka nuna wa wani yadda ake yi, ka dawo. Kwaleji ba guduwa za ta yi ba." Tare muka sauka Kano, ya karɓi fasfona ya ce zai ajiye kar ya ɓata.

Ba wanda ya yarda ya koya. Kowa ya ga ana tonon gara da asuba don 'yan kulle, ana yanka gwanda ƙanana-ƙanana, sai ya tuna yana da aiki a wani wuri. Tsuntsayen kuwa Kano ta karɓe su, zafi ya yi musu, har babbar ta yi ƙwai. Kafin in ankara gwamnati ta canja, aka shiga binciken masu siminti, Kawu ya daina zuwa gida da rana. Na je masa maganar kwaleji sau biyu. Na farko ya ce in bari ƙura ta lafa. Na biyu ya ce ni ba ni da tausayi, ana maganar ɗauri ina maganar ƙwan fitila. Aka sayar da gidan Barking.

Labarin tantabarun ya bazu a unguwa, ya wuce unguwa. Mutane suna zuwa daga ƙauyuka su ga tsuntsayen da suka tare wa tsoho mutuwa a ƙasar Turawa. Da farko shi yake ba da labarin, daga baya numfashi ya fara yi masa wuya, sai ya riƙa nuna ni da sanda yana cewa, "Ga wanda aka yi a gabansa. Shi ma da musu yake." Na gwada faɗin gaskiya wa wasu dattawa daga Bichi, na ce gashi ne kawai, suka dube ni, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa boko rabi ya fi jahilci illa. Tun daga nan na daina. Duk wanda ya zo, in watsa gara, 'yan kulle su fito su tsaya a rana, in gyara murya in ce a zuciya aka nufa, ga wurin nan kuna gani, su biyu suka raba. Mata su yi salati, maza su gyaɗa kai, tsoho yana kan buzunsa yana gyara mini inda na rage.